Kafin a shafa wa yaro man ƙaiƙayi

A Kano, inda na tashi, idan yaro ya dage da susa har fatarsa ta yi kaushi, wurin mai kemis ake fara zuwa, shi kuma daga bayan kanta zai leƙa ya ce kyasbi ne ko makero, ya miƙo man shafawa. Mutanenmu na Aboabo da Asawase a nan Kumasi ma suna yin haka, sai dai na lura cewa inshorar lafiya da Ghana ta kafa a 2003 tana sa iyaye da dama su fi saurin kai yaro asibiti, inda akan tura mai tsanani zuwa babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Wannan bambanci yana da nauyi a wurina, domin babu wani gwajin jini guda da ke tabbatar da cutar eczema, wato ciwon fata mai sa bushewa da ƙaiƙayi.

Tambaya ce rabin aikin likita. Zai so ya ji yaushe ƙaiƙayin ya fara, ko yana hana barci, ko akwai mai asma a dangi, da irin sabulun da ake yi wa yaron wanka da shi. Sannan ya duba wurin da abin ya fito, domin a jarirai ya fi kama kumatu, a yaran da suka tasa kuma lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. A baƙar fata ba lallai ne a ga ja ba. Wurin yakan yi duhu ko toka-toka, ya yi kauri. Idan yana zargin makero ko ƙazuwa, sai ya kankaro ɗan saman fatar a duba da madubin likita, idan kuwa yana zargin turare ko ƙarfen sarƙa, akan manna sinadarai a gadon baya na kwana 2 a ga wanda fatar ta ƙi.

Yanayi ma yana ruɗa mu. Hunturun Kano yana busar da fata ya tayar da eczema, damshin Kumasi kuwa ya fi raya makero da kyasbi, don haka maganin da ya yi wa ɗan ƙanwarka aiki a gida ba hujja ba ne a nan. Abin da ya fi damuna shi ne mayukan da ke ɗauke da sinadarin clobetasol ko betamethasone, waɗanda ake saye ba takardar likita a garuruwan biyu: suna kwantar da ƙaiƙayi, amma suna sauya kamannin makero yana ci gaba da yaɗuwa, har likita ya sha wahalar gane shi. Duk wanda ya riga ya shafa, ya tafi asibiti da kwalin man a hannunsa.