Yadda Na Noma Kabewa a Gidan Maƙwabci

A shekarar 2024, lokacin da tumatir ya yi tsadar da sai an yi shawara da iyali kafin a jefa guda uku a miya, na yanke hukuncin cewa gidana ya gama dogaro da kasuwar 'Yankaba. Akwai ɗan fili a bayan ɗakin girki, tsakanin tankin ruwa da katanga, wanda babu mai amfani da shi sai ƙadangaru, kuma a lissafina ya isa ya wadatar da mu da tumatir da attaruhu da alayyafo har a yi kyauta. Ni ma'aikacin ofis ne, ina fita da sassafe in dawo bayan magariba, uwargida kuwa ma'aikaciyar jinya ce da rabin watanta a aikin dare yake ƙarewa, amma hakan bai dame ni ba, domin duk bayanin da na karanta a intanet ya tabbatar mini cewa lambun bayan gida ba ya cin lokaci.

Da na ji kuɗin buhun takin zamani, sai na tuna cewa manoman kewayen birnin Kano sun shekara aru-aru suna kwashe juji da toka da kashin dabbobi a mangalar jakuna zuwa gonakinsu, kuma da wannan ne suke noma ƙasa guda kowace damina ba tare da ta huta ba. Na ce abin da mai jaki ya iya, ai bai kamata ya gagari mai digiri ba.

Ƙa'idar haɗa takin ba ta da wuya, kuma har gobe ina iya karanto ta da ka. Ana haɗa ɗanyen abu, irin su ɓawon kayan miya da ragowar ganye da kashin awaki, da busasshen abu, irin su ƙaiƙayi da busasshen ganye da yagaggen kwali, busasshen ya ninka ɗanyen sau biyu ko uku. Ana yayyafa ruwa har ya yi danshi amma kada ya jiƙe sharkaf, sannan a riƙa juya shi kamar sau ɗaya a mako domin iska ta ratsa, saboda ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi da iska suke aiki. Idan an yi daidai, cikin tulin yakan ɗauki zafi ya kai wajen digiri 60, zafin da ke kashe 'ya'yan ciyawa da duk wani iri da ya faɗa ciki, kuma bayan wata biyu zuwa uku sai ya koma baƙar ƙasa mai laushi. Ba a zuba nama, ba a zuba mai, ba a zuba ƙashi. Na tara iyalina na yi musu wannan bayani dalla-dalla, na ajiye tsohon durom a ƙarƙashin tagar ɗakin girki domin kada a wahala wajen kai shara, na kuma yi alkawarin huda shi ranar Asabar saboda iska da zurarar ruwa.

Duk wanda ya zauna a Kano ya san cewa Asabar ba ta ma'aikaci ba ce. Idan babu ɗaurin aure akwai suna, idan babu suna akwai ta'aziyya a wata unguwa mai nisa, saboda haka durom ya zauna ba huji, ba juyi. Yara kuwa daga cikin dogon jawabina jimla ɗaya suka riƙe, wato duk abin da ya rage a kai wa durom ɗin Baba. Ragowar tuwo ya shiga, miyar kuka da man shanunta ta shiga, kan kifi ya shiga, har ƙaramar cikinsu ta fara juye ruwan wanke-wanke a ciki don ta ji na ce yana son danshi. Sai ga ruwan watan Agusta ya sauka a kansa babu murfi.

Inda iska ba ta shiga, wasu ƙwayoyin ne daban suke karɓar aikin, kuma su da wari suke sanar da zuwansu. Wata Juma'a bayan mun dawo daga masallaci, maƙwabcina ya ja ni gefe cikin ladabi ya ce, "Malam, don Allah a duba bayan gida, ina jin wata dabba ce ta mutu a tsakaninmu." Na ce masa in sha Allahu za a bincika. Uwargida ba ta yi irin wannan kara ba. Ta dawo daga aikin dare ta tsaya a bakin ɗakin girki ta ce, "Baban yara, shekarata nawa a asibiti, amma ban taɓa shaƙar irin wannan ba." Ita kuwa Inna, da ta zo ganin jikoki, leƙawa ɗaya ta yi ta ce, "Kai ɗan nan, mu a ƙauye can bayan danga muke juji, ba a hancin mai tuƙa tuwo ba."

Da na kifar da durom ɗin, hanci ɗaure da rawani, sai na tarar da tsutsotsi masu kauri sun cika shi suna ta kai da komo kamar ranar kasuwa. Na kwantar wa kowa hankali da cewa tsutsar wani baƙin ƙuda ce da ba ya cizo, kuma a ƙasashe da dama kiwonta ake yi musamman don abincin kaji da kifi. Kajin maƙwabcina ne kaɗai suka gaskata ni. Kafin azahar sun tsallako katanga sun share tsutsotsin, suka kuma wanke baki da rabin dashen tumatirin da na sha wahalar reno a buhuna, alayyafo kuwa ko alamarsa ba su bari ba.

Na gauraya abin da ya rage da busasshen ganye da toka, warin ya lafa, na baza shi a gindin sauran tumatirin. Tunda tulin bai taɓa ɗaukar zafin da littafi ya faɗa ba, duk irin da ya shiga cikinsa yana nan da ransa, ciki har da 'ya'yan kabewar wata miyar taushe da aka yi tun farkon damina. Wani tsiro mai faɗin ganye ya ɓullo, na bar shi saboda tausayi, shi kuwa ya miƙe ya lulluɓe tumatirin, ya shanye takin da ruwan da nake saye a wurin 'yan garuwa bayan ɗaukewar damina, ya kama katanga ya haura. Tumatirin da na tsinka bai cika kwanon sha ba, kuma uwargida, wadda ta riƙe lissafin durom da buhuna da iri da jarkokin ruwa, ta ce da kuɗin da an sayi kwando a kasuwa har da ladan ɗan dako.

A ɓangarena na katanga kabewar ganye kawai ta yi da furanni masu faɗuwa. Ashe can ɓangaren maƙwabci, inda rana ta fi bugawa, ta kwanta a kan rufin akurkin kajin nan ta zuba 'ya'ya manya-manya. Ban sani ba sai wata safiya da ɗansa ya yi sallama ɗauke da faranti, an ɗora yanki guda na kabewa an rufe da leda. Ya durƙusa ya ce, "Baba ya ce a gaishe ka, wai ga ɗanɗano daga abin da Allah ya hore mana bana, kuma ya ce in tambaya ko za a ƙara haɗa durom ɗin, don kaji sun rage ƙwai."