Ranar da ragon maƙwabta ya kai Gagarau asibiti

Karen gidanmu sunansa Gagarau. Don gadi na kawo shi, lokacin da ɓarayin batirin mota suka addabi layinmu a Tudun Wadan Zariya. Haushinsa kam ba laifi, in dai ƙofa a rufe take. Matsalar tana farawa ne idan an buɗe ta.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ragon maƙwabcinmu ya tsinke igiya ya faɗo mana gida. Gagarau ya yi haushi ɗaya na fita hakki. Rago ya ja da baya ya sunkuyar da kai, mai gadi kuwa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Garin gudu ya taka wani tsohon kwanon rufi a bayan gida, bakin kwanon ya tsaga masa tafin ƙafar gaba. Da ƙafa uku ya ƙarasa, bai zame ko'ina ba sai ƙarƙashin gadon Inna, wadda ko inuwar kare ba ta yarda ta gitta ƙofar ɗakinta ba.

"Kai ɗan nan, zo ka fitar min da abin nan, ko ni in bar muku gidan!"

Na kwanta rub da ciki na haska fitilar waya. Ga shi can a lungu, kunnuwa a kwance, wutsiya a matse, jiki na kaɗawa, jini ya ɓata ledar ɗaki. Na miƙa hannu ina kiran sunansa. Karen da nake ba shi ƙashin miyata ya kawo min cafka, haƙori ya karce ni a babban yatsa.

Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika da likitoci. Makaniken bakin layi ya ce baƙin mai za a zuba. Wata tsohuwa ta ce toka. Wani yaro har ya ruga ya sayo ibuprofen.

Na kira wani abokina da ya karanta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Bai ma bari na gama labarin ragon ba, ya ce in fara wanke yatsan da sabulu, ruwa na zuba a kai, har minti 15, saboda ciwon haukan kare ta yawu yake shiga. Haka aka yi: kare na nishi a ƙarƙashin gado, Inna na salati a waje, ni kuma ina tsugune bakin rariya, Maman Abba na tsiyaya min ruwa da buta tana duba agogo. Da na ce ai ya isa, sai ta ce, "Saura minti shida, Baban Abba."

Sauran umarnin: a kori 'yan kallo, kada a sa baƙin mai, kada a ba shi ibuprofen don yana iya lalata wa kare ciki da ƙoda. Ya ce ciwo da tsoro in suka haɗu, kare ba ya gane uban gidansa. In sassauta murya, in lulluɓe shi da bargo, in yi masa takunkumi da ƙyalle: a naɗe baki, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a zagaya ta bayan kunnuwa a ɗaure. Sannan a danne raunin da tsumma mai tsabta. Ƙyallen da hannuna ya fara kaiwa gare shi ɗankwalin Maman Abba ne na anko. Wannan shari'ar har yau ba a yanke ta ba.

Sai neman abin hawa zuwa asibitin dabbobi a Samaru. Mai keke na farko ya ga na rungumo abu a bargo, ya ci birki. "Subhanallahi, me ya sami yaron?" Sai wutsiya ta leƙo. Ko sallama bai yi ba ya ja kekensa. Wani ya tsaya, amma ya ce ba ya ɗaukar najasa. Wani dattijo da ke jiran keke ya sa baki, ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Mai keke ya nuna bargon ya ce, "To Malam, jinin fa?" Dattijo ya gyara hula ya dubi gabas. A ƙarshe shata na ɗauka, har da kuɗin wankin kujera.

Mun wuce Kwangila lafiya. A Palladan wani ƙaramin jirgin makarantar koyon tuƙin jirgin sama ya wuce ta kanmu, Gagarau ya firgita, na ji ɗumi na bin cinyata. Mai keke ya dube ni ta madubi, ya ce kuɗin wanki ya ƙaru.

A asibitin dabbobi mai yankar kati ya ce, "Sunan mara lafiya?" Na faɗi nawa. Ya dubi yatsana, ya dubi bargon, ya ce, "Wanne daga ciki?" Da layi ya zo kanmu aka ɗaga murya, "Gagarau!" Wani mutum mai ƙaton kare irin na 'yan sanda ya ja igiyarsa ya matsa gefe don a ba da hanya. Na taso da nawa a kafaɗa, bakinsa ɗaure da ɗankwali mai furanni, wandona a jiƙe.

Suka yi masa allurar da ta kwantar da shi, suka aske gefen raunin, suka wanke, suka ɗinke, aka naɗe da bandeji. Likita ta nemi katin rigakafinsa, Allah ya sa allurar haukan kare ta bana tana ciki. Ta ce tun kare na wata uku ake fara ta, kuma duk shekara ake maimaitawa. Duk da haka ta ce a sa masa ido kwana 10, ni kuma in wuce asibitin mutane su duba yatsan, su ga ko ina buƙatar allura. Aka maƙala masa wata roba mai kama da mazurari a wuya don kada ya lashi ɗinkin.

Da yamma muka dawo. Inna na zaune a tabarma, ta sa an fito da gadonta da ledar ɗakin duk an wanke. Ta tambayi nawa na kashe, na rage kusan rabi na faɗa. Ta daɗe tana kallon Gagarau da mazurarinsa, sannan ta miƙe ƙafarta ta dafa gwiwa.

"Ni tun azumin bara nake cewa gwiwar nan, man zafi kawai nake gani. Gobe ka samo min ragon nan ya biyo ni."