Kuɗin tallafin mai sun koma hannun gwamnoni, a ina suka maƙale?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin cefane ya rikice a gidajenmu. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a Abuja. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yanka wa naira farashi, dalar da ke kusan naira 460 a hukumance ta haye 1,500 a shekarar da ta biyo baya.

Masu kare wannan mataki sukan ce mai mota ne ke cin moriyar tallafin, talaka ba ruwansa. Duk mai faɗin haka bai taɓa tsayawa layin markaɗe ba. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah mai ƙosai, da shi take riƙe da marayu. Injin da ke markaɗa mata wake fetur yake sha, ɗan adaidaita sahun da ke ɗauko mata buhu daga kasuwa shi ma fetur yake sha. Ba ta iya ƙara kuɗi ba don masu sayen nata ba su da shi, sai ta rage girman ƙosan. Yanzu yaro ya miƙa kuɗi, a zuba masa abin da ba zai kai shi tashi daga makaranta ba.

Haka abin yake a gona. Manomin rani a Kura ko Kadawa da ke jihar Kano, in ruwan kanal bai kai fadamarsa ba, sai ya tayar da injin ban ruwa. Kafin tumatir ya iso kasuwar 'Yankaba a birnin Kano an biya fetur, an biya taki, an biya mota. Shi ya sa magidancin da ke auno kwano ya koma gwangwani, nama ya zama sai ranar suna. Abin da ya fi damuna shi ne zumunci: mutane sun fara ta'aziyya ta waya saboda kuɗin mota ya gagara.

An ƙara mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. To amma mutum nawa ne a Arewa ke ɗaukar albashi? Mai faci, mai ga-ruwa da mai wankau babu wanda ya yi musu ƙari.

Ban ce tsohon tsarin mai kyau ba ne. Kowa ya san yadda ake kwasar man da aka yi wa rangwame ana tsallakawa da shi Nijar da Kamaru da Benin. Sai dai an yi mana alkawari cewa kuɗin da aka tsimi za su dawo ta hanyar ayyuka. Kuma wani kaso nasu ya dawo, amma asusun jihohi ya shiga, domin kason da gwamnoni ke karɓa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafin. A nan ne nake ganin muna kuskure: kullum yatsanmu na nuna Abuja, mun bar na kusa da mu yana shan inuwa.

Raba shinkafa mudu biyu a gaban kyamara ba ya sauke wa gida nauyi. Abin da zai taɓa aljihun magidanci shi ne motocin haya masu rahusa da ke zirga-zirga kowace safiya, injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana ga manoman rani, da magani a asibitin unguwa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka kowane gwamna da kowane ciyaman ya fito gidan rediyo duk ƙarshen wata, ya faɗa da Hausa nawa ya karɓa, kuma me ya yi da su.