Yadda Na Zama Maƙwabcin Injin Wanki

A birnin da masu yawon buɗe ido ke so, ɗalibi mutum ne mai daraja daga farkon zangon karatu zuwa ƙarshensa. Masu gidaje na washe masa baki, dillalai na ce masa "ranka ya daɗe", domin shi ke riƙe musu ɗakuna a watannin da babu mai leƙo garin sai wanda ya zame wa dole. Amma da zarar hutu ya kama, jirage suka fara juye mutane masu gajeren wando da akwati mai taya, sai darajar nan ta bi iska. Mai gida zai ɗauko kalkuleta, ya ga abin da baƙo ɗaya zai biya a 'yan kwanaki ya kamo na ɗalibi na wata guda, ga shi baƙon ba ya zuwa da labarin cewa kuɗin gida bai iso ba tukuna. Daga ranar, ko sallamarka ba a amsawa da ƙarfi.

Ni ina zaman zamana a ɗakin kwanan ɗalibai aka manna mana takarda a ƙofa, wai kowa ya kwashe komatsansa a ƙarshen zango, saboda za a ba mahalarta taruka da masu kwasa-kwasan hutu ɗakunan. Jami'o'i da yawa na yin haka, don gini ko babu kowa a ciki cin kuɗi yake yi. Masu gida kusa suka ɗaure kaya suna murna. Ni kuwa aikin bincikena bai kai ko'ina ba, malamin da ke duba ni ya ce in na kuskura na bar garin kafin ya ga babi na uku, to in nemi wani ya sa mini hannu. Na ce ai abu ne mai sauƙi, gari ne babba, ɗaki ɗaya ba zai gagara ba.

Na fara da intanet. Ɗakin farko da ya kwanta mini a rai, hotonsa ya nuna fili wanda za a iya ɗaura aure a ciki, kuma an rubuta cewa minti goma ne zuwa jami'a. Na hau bas. Muka wuce tsakiyar gari, muka wuce masana'antu, gidaje suka fara nisa da juna, fasinjoji suka yi ta sauka har ya rage daga ni sai direba. Ya leƙo ni ta madubi ya tambaya ko barci ya ɗauke ni na wuce tashata. Da na isa, na tambayi mai gidan yadda aka yi lissafin minti goman nan. Ya ce ɗansa ne ya auna, a kan babur, da ƙarfe uku na dare. Ɗakin kuma, ƙofarsa ba ta buɗuwa gaba ɗaya saboda gado ya tare ta, sai ka shiga a karkace. Ashe akwai gilashin kyamara mai faɗaɗa wuri, wanda in an tsaya a lungu aka durƙusa, akurki ma sai ya fito a matsayin falo. Na tambayi taga. Ya ɗaga labule ya nuna mini ita, tana nan kuwa, sai dai bangon maƙwabci ya matso har kana iya taɓa shi ba tare da ka miƙe hannu sosai ba.

Ɗakunan da ke cikin gari kuwa, ba kai kaɗai ake kira ba. Rana ɗaya ake sa wa kowa, ku yi layi a matakalar bene kuna satar kallon takalman juna, kowa na ƙiyasta albashin na gabansa. In ka shiga, ba kai ke duba ɗaki ba, kai ake dubawa. Wata mai gida ta zaunar da ni ta fara karanto sharuɗɗa: kuɗin ajiya wanda za a riƙe ko da ka yi ɓarna, hayar watanni a gaba, takardar albashi, da kuma wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar, mai aiki, wanda za a kama in ka gudu. Na ce ɗalibi ne ni, ba ni da albashi, amma ina da kawu mai mutunci ƙwarai. Ta tambaye ni ko mutuncin nasa na fitowa a takardar banki. Ban gama tunanin amsa ba ta kira na bayana.

Sai na koma wurin dillali. Kafin in je na yi karatun dare, don kada a raina ni. Yana cewa babu ɗakin wata-wata sai na kwana-kwana, na gyara zama na fara zuba masa hujja. Na ce a Landan, doka ba ta yarda ka ba 'yan gajeren zama gidanka gaba ɗaya fiye da dare 90 a shekara ba sai da izinin hukuma. A Amstadam an mayar da shi dare 30 a 2019. A Niyok, tun watan Satumbar 2023 sai mai gida ya yi rajista da hukuma. A Basalona kuwa, a watan Yunin 2024 magajin garin ya sanar da cewa zuwa ƙarshen 2028 za a soke lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido sama da 10,000, don mazauna gari su samu wurin sa haƙarƙari. Ya saurare ni tsaf, har yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Malam, gaskiya ka yi karatu. Ga shawara kyauta: ka tafi Basalona, ka jira 2028." Sannan ya tuna mini cewa nuna ɗaki ma akwai la'adarsa, ko ka kama ko ba ka kama ba.

A daren nan wani ya turo mini saƙo. Gida ne a tsakiyar gari, da baranda, da kujeru masu laushi, kuma kuɗin bai kai rabin na akurkin nan ba. Mai gidan ya ce shi likita ne, aiki ya kai shi wata ƙasa, ba kuɗi yake nema ba, mutumin kirki kawai yake so ya kula masa da gida. In tura kafin alƙalami, zai aiko da makulli ta gidan waya. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Na ɗauki hoton falon na sa a manhajar da ke binciko inda hoto ya taɓa fitowa, sai ga falon nan a birane daban-daban, a nahiyoyi biyu, da fulawa ɗaya a kan tebur ɗaya. Tun da barci ya ƙi zuwa, na ce bari mu taɓa hira. Na faɗa masa gaskiyar abin da ke aljihuna. Ya rage kuɗin. Na ce har yanzu da saura. Ya sake ragewa. Na tura masa hoton abin da ya rage a asusuna. Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya rubuto cewa Allah ya buɗa mini, ya toshe lambata. Wannan ya fi komai ƙona mini rai a neman nan: ɗan damfara ya duba ni ya ga babu riba.

Ranar da wa'adin makaranta ya cika, na ja akwatina zuwa masaukin matafiya, irin wanda ake jera gadaje masu hawa biyu a ɗaki ɗaya, kowa ya biya kuɗin gadonsa. Araha ba ta ado, na sani, amma wannan arahar ma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kwamfuta ce ke yanka farashi gwargwadon yawan masu nema, don haka gadon da ka kwana a kai ranar Talata, in Juma'a ta zo ya yi tsadar da sai ka tsaya ka sake kallonsa ko an canza katifa. An ba ni gadon sama. A ƙasana akwai wani bawan Allah mai munshari hawa-hawa, yana farawa a hankali, ya hau, ya tsaya cak har ka fara tunanin kiran motar asibiti, sannan ya dawo da sabon ƙarfi. Masu yawon dare na shigowa gab da asuba suna yi wa juna "shhh" da ƙarar da ta fi maganar. Masu jirgin safe kuma na tashi a daidai lokacin su fara shirya kaya, kuma ban san dalili ba, duk abin da suka mallaka a duniya cikin leda yake. Ni ina can sama da fitilar waya, ina ƙoƙarin rubuta babi na uku, kowane sabon zuwa sai ya tambaye ni daga ina nake, kuma wane wuri ya fi kyau a garin. Na ce laburare. Ba a sake tambayata ba.

Wani abokin karatuna ya ji tausayina ya ce in zo in raɓa a ɗakinsa kafin Allah ya kawo mafita, da sharaɗin kada mai gidansa ya gan ni. Ya ba ni katifar iska. Katifar na da huda a wani wuri da har yau ba a gano ba. Ka kwanta kana sama cikin alfarma, tsakar dare ka ji ƙugunka ya taɓa siminti, da asuba kuma kai da ƙasa babu shamaki sai leda. Abokin nawa, don ya ƙarfafa mini gwiwa, ya ce kada in raina katifar iska: a 2007, a San Faransisko, wasu samari biyu da haya ta fi ƙarfinsu suka shimfiɗa irinta guda uku a gidansu, suka karɓi baƙin wani taro da otal-otal suka cika suka bar su, kuma daga nan aka samu kamfanin Airbnb, mai haɗa matafiya da masu ba da hayar ɗaki ta intanet. Na ce su nasu katifun ba su da huda.

Umma kuwa kullum sai ta kira.

"Ka samu ɗakin?"

"Umma, ana kan nema. Ku dai ci gaba da addu'a."

"Gari guda a ce babu ɗaki? Bari in gaya wa kawunka, ai ya taɓa zama a can."

Kawu ya kira da kansa, murya cike da tabbaci. "Ɗana, kwantar da hankalinka. Akwai amini na a garin nan, gidansa ɗakuna rututu. Ka je ka ce ni na turo ka." Ya kwatanta mini unguwa, da kwana, da wata bishiya. Na tambaye shi yaushe rabonsa da aminin. Ya ce ai ba a daɗe ba, kafin a haife ni ne da kaɗan. Na je don kada a ce na ƙi bin umarni. Bishiyar na nan. Gidan ya zama otal, da mai gadi sanye da hula mai igiyar zinariya. Na ce masa kawuna ne ya turo ni. Ya duba kwamfuta ya ce babu ɗaki sai bayan hutu, amma ya gaishe da kawun.

Mafitar ta zo ne daga allon sanarwa na laburare, wanda ban taɓa ɗaga kai na kalla ba. Takarda ce da rubutun hannu mai karkarwa: ana neman ɗalibi natsattse, haya kaɗan, a zo a yi magana. Mai gidan tsohuwa ce, gwiwa ta hana ta hawa bene, kuma duk ɗakunan saman ta ba 'yan yawon buɗe ido. Ta kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin matakala. Akwai gado siriri, da kanta cike da zannuwan gado da tawul, da injin wanki a gefen matashin kai.

"Iya, wannan ai ɗakin wanki ne."

"Da rana ne ɗakin wanki, ɗan nan. Da dare naka ne."

Sharaɗin shi ne in riƙa miƙa wa baƙi makulli, in nuna musu yadda ake kunna ruwan zafi, in sa zannuwa a inji in sun tafi. Na kalli injin, na tuna mai munshari, na ce na yarda. Injin aƙalla yana da maɓallin kashewa.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jirginsu ya makara, ni ne a ƙofa da tsakar dare. Sun manta lambar intanet, ni za a ƙwanƙwasa wa. Wani ya kulle kansa a banɗaki, ni ne da sukundireba. In injin ya kai wurin matse kaya, gadona kan yi tafiya kaɗan-kaɗan zuwa ƙofa, har na koyi ɗaga biro in jira ya gama kafin in ci gaba da rubutu. A haka babi na uku ya kammala, malamina ya karanta ya ce akwai ci gaba, sai dai ya rasa dalilin da takarduna ke ƙamshin sabulu.

Wata safiya Iya ta kira ni falo, ta sa tabarau, ta miƙo mini waya fuska a ɗaure. Wasu baƙi ne suka rubuta ra'ayinsu a shafin da take tallata gidan. Sun yaba tsafta, sun yaba unguwa, amma sun ba da tauraro huɗu maimakon biyar. Dalilinsu: sun sauko neman tawul, suka buɗe sito, suka tarar da wani mutum a ciki yana karatu, kuma bai yi musu murmushi ba.

"Daga yau," in ji Iya, "in an buɗe ƙofar nan, ka yi murmushi. In tauraro ya sake faɗuwa, a hayarka zan cire."