Huda Rim Kaɗai Ya Cancanci Wahala a Keken Tirayal

Masu wasan keken tirayal, wannan da ake hawa duwatsu da katangu ana tsalle a kan tayar baya ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba, suna da son rage nauyi, kuma suna da hujja. Keken da za ka riƙa ɗagawa da ƙarfin jikinka, jiki na jin kowane giram nasa. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke kama na'urar huda su bi kowane ƙarfe da ita.

A yi lissafi tukuna. Alminiyom na da nauyin giram 2.7 a kowace santimita kubik. Rami mai faɗin milimita 6 a hannun burki mai kaurin milimita 4 yana cire kusan giram 0.3 ne kacal. Huda goma ka samu giram 3, ka kuma raunana abin da ke riƙe ka a bakin katanga. Amma ramin milimita 20 a bangon rim mai kaurin milimita 1.5 yana cire kusan giram 1.3. Ramuka 30 kusan giram 40 ke nan, in rim ɗin mai bango biyu ne an ninka. Kuma nauyi ne na can ƙarshen keken, inda ake jin sa a lokacin ɗagawa.

In za a huda rim, a cire taya da tif da kyallen ciki. A yi alama a tsakiyar tazarar sifok biyu, a dosa da ƙusa don kada bakin na'urar ya zame. A fara da ƙaramin rami na milimita 3, sannan a faɗaɗa da baki mai hawa-hawa, a hankali, ana ɗiga kananzir, domin alminiyom yana liƙe wa baki in ya yi zafi. A bar tazara mai kyau daga ramin sifok, a tsallake gurbin da ke gefen bawul da na mahaɗar rim. Gefen da burki ke kamawa kuwa ba a taɓa shi.

Inda yawanci ake ganganci shi ne goge bakin ramin. Tsagewar alminiyom daga ƙaramin tabo take farawa, ta yi ta tafiya da kowace dira har ta kai ramin sifok. A bi kowane rami da magagari da takardar yashi sai ya yi santsi, a share ɓarɓashin, a sa kyalle mai ƙarfi don kada tif ya kumburo ta ramin ya fashe. Bayan nan a sake daidaita sifok.

Wasu masu huda ko'ina na kafa hujja da Eddy Merckx, shahararren ɗan tseren keke, wanda ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya a birnin Meziko a 1972 da keken da aka huhhuda. Gaskiya ne, amma awa ɗaya ce a fili mai santsi, babu dira daga kan dutse. Hannun feda, kan keke, wuyansa, fok da firam, su ke ɗaukar dirar nan, kuma alminiyom kan karye ne farat ɗaya. Don Allah a bar su yadda suke. Mai neman ƙarin sauƙi ya duba taya da tif ɗinsa, a nan ake samun giram 100 ko fiye ba tare da an huda komai ba.