Abin da Masu Ɗaukar Aiki Ke Dubawa a Wurin Mai Haɗa Manhaja

Duk shekara Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya suna yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta, ga kuma waɗanda suka bi shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Da yawansu sukan aika takardun neman aiki, sai shiru. A ganina ba digirin ne ya gaza ba. Mai ɗaukar aiki yana son ya ga abin da ka haɗa da hannunka yana aiki, ya kuma ji ka bayyana dalilin kowane layi da ka rubuta.

Shi ya sa shafinka na GitHub, inda masu haɗa manhaja ke ajiye ayyukansu a intanet, ya fi jerin harsunan kwamfuta goma a takardar CV nauyi. Ayyuka biyu ko uku da aka kammala sun isa, amma ba wanda aka kwafo daga YouTube ba, don sun gaji da ganin irinsa. Ka haɗa manhajar da za ta riƙe wa ɗan kasuwar Sabon Gari lissafin bashi, ko ta karɓi kuɗin makarantar Islamiyya ta Paystack, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet. Ka sa bayanin yadda ake kunna ta, ka ɗora ta a intanet. Sukan kuma duba tarihin aikin a Git, manhajar da ke riƙe sauye-sauyen da aka yi wa aiki: wanda aka loda gaba ɗaya dare ɗaya yana jawo zargi.

Akwai kurakuran da ke kashe magana nan take. Barin mabuɗin sirri na Paystack, wato lambar da ke ba manhaja ikon shiga asusunka, a fili cikin aikin. Ajiye kalmar sirrin mutane a rumbun bayanai ba tare da an hautsina ta da abu irin bcrypt, mai hana ta karantuwa, ba. Liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, harshen da ake magana da rumbun da shi, abin da ke buɗe wa ɓarawo ƙofar rumbun. Mai gwaji kuma zai tambaye ka: idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar biya, mutum ya sake dannawa, sau biyu za a cire masa? Duk wanda ya zauna Samaru ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

A wurin ganawa, kada ka yi gum kana bugawa. Ka tambayi abin da ba ka gane ba, ka riƙa faɗin abin da kake tunani. Amfani da ChatGPT ba laifi ba ne, sai dai za a ce ka sauya sharaɗi ɗaya a abin da ka kawo, a nan ake gane mai shi.

Yawancin guraben suna Legas, Abuja ko ƙasashen waje, daga gida za ka yi. Don haka suna lura da yadda kake rubuta saƙo da Turanci: me ka gwada, wane kuskure ya fito, a ina ka maƙale. Za su tambayi batun wuta ma. Ka tanadi amsa: sola ko inbata, da layin waya na biyu.