Mai almakashi daban, mai jakar kuɗi daban

Ni dai a shagon ɗinki na tashi, shagon kawuna a Fagge, tun ina ɗan aike mai sayo zare da gawayin guga har na hau keke. Yanzu shekara shida kenan ina Faris, ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Goutte d'Or inda telolin Senegal da Mali suka cika. Wata dattijuwa da ke kawo mana gyara, wadda ta yi shekaru tana aikin hannu a ɗaya daga cikin manyan gidajen kayan ƙawa na nan, ita ta fara warware min yadda tsarinsu yake, kuma wallahi tun ranar abin bai bar raina ba.

Ɗauki Dior misali. Shi Christian Dior ya buɗe gidan a 1946, ya rasu a 1957, shekara goma sha ɗaya kacal, amma har gobe sunansa na kan ƙofa a Avenue Montaigne. Da ya rasu wani yaronsa ɗan shekara 21, Yves Saint Laurent, aka ɗora a kan zane, aiki ya ci gaba. Ko tun farko ma kuɗin ba nasa ba ne, wani attajirin masaƙa ne Marcel Boussac ya zuba jari. To nan ne sirrin a ganina: kowane gida kai biyu gare shi. Akwai shugaban kamfani mai riƙe da kuɗi da shaguna da farashi da ɗaukar ma'aikata, akwai kuma daraktan zane wanda shi ruwansa kawai me za a ɗinka bana, wane launi, wane yanka. A Louis Vuitton tun 2023 an ba Pietro Beccari jakar kuɗi, Pharrell Williams mawaƙin nan na Amurka yana kan kayan maza, Nicolas Ghesquière yana kan na mata tun 2013. Mai zane in kayansa sun daina tafiya sai a sallame shi a kawo wani, kamar kocin ƙwallo, gidan kuma ko gezau.

Mu kuwa fa? Kawu Allah ya jiƙansa shi ne mai awo, shi ne mai yanka, shi ke zuwa Kwari sayen yadi, shi ke karɓar kafin alƙalami ya zura a aljihun gaba, kuma daga wannan aljihun ake cefane, daga nan ake biyan kuɗin makarantar yara, daga nan ake gudummawar biki, sai sati biyu kafin sallah a nemi kuɗin zaren surfani a rasa. Hannunsa kam ban ga irinsa ba har a nan, mutum ne da zai kalle ka sau ɗaya ya yanka maka babbar riga ba tef. Amma da ya kwanta ciwo wata uku shagon ya kwanta da shi, bayan rasuwarsa aka raba kekuna a gado, kowane yaro ya kama gabansa. Shekara talatin na suna ta tafi a banza.

Can ƙasa a ɗakin ɗinkin manyan gidajen nan na Faris ma akwai matakala. Ɗaki biyu ne, ɗaya na yadi mai laushi irin siliki, ɗaya na kwat da kayan da ke son tsayuwa. Kowane ɗaki da shugabarsa wadda ita ke karɓar zane ta mayar da shi riga, ƙarƙashinta mataimakiya, sannan masu ɗinkin da suke kira ƙananan hannaye, sannan 'yan koyo. Wannan bai ban mamaki ba don mu ma muna da shi, daga mai guga zuwa mai saka botir zuwa mai haɗa wando zuwa mai yanka. Bambancin, mu yaro in ya ƙware sai a yaye shi ya je ya buɗe nasa ya zama kishiya, su kuma sai a ƙara masa girma da albashi ya tsufa a gidan da ƙwarewarsa.

Amma kar wani ya ce na zo Turai na ruɗe. In ka ɗaga kai can sama, abin nan da muke zagin kanmu a kai shi ne dai. LVMH, uwar kamfanin da ta mallaki gidaje wajen 75, Dior da Louis Vuitton duk a ciki, Bernard Arnault ke riƙe da shi tun 1989, 'ya'yansa biyar duk suna ciki da muƙamai, babbar Delphine ita ce shugabar Dior tun 2023. Da shekarun ritaya suka matso sai aka ɗaga iyakar zuwa 80, aka sake ɗagawa zuwa 85, Alhaji dai ba ya tashi daga kujera, ko a Kano ko a Faris. Sai dai 'yar maigida an ba ta ofis ne, ba a ba ta almakashi ba, mai zane daga waje aka ɗauko.

Kuma matakalar tana da ƙasan da ba a nunawa a talla. A 2024 kotu a Milan ta sa ido kan wani reshen Dior na Italiya saboda 'yan kwangilar da ke ɗinka musu jaka, an ce ana biyan Yuro 53 kan jakar da ake sayarwa 2,600, ma'aikata na kwana a wurin aiki. Da na karanta sai na tuna yadda muke kwana kan tabarma a ƙarƙashin teburin yanka daren sallah, mu dai ko ba komai Kawu yana kwance a gefenmu.

Ƙanena yana da shago yanzu a Kano, keke huɗu. Na ce masa ya samu ko yaron nan mai difloma ya riƙe littafi da asusun banki, shi ya tsaya kan yanka. Dariya ya yi ya ce Yaya kenan, wato in ba wani kuɗina ya riƙa ba ni na cefane?